Tiya, Buhu Da Kadada: Abin Da Ake Rubutawa Kafin A Gina Allon Ƙididdiga

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi a Matazu, ko Malumfashi, ko Funtuwa a lokacin kaka, ya san cewa ciniki ba ya faɗawa sai mai saye ya ɗauki tiyar mai awo ya jujjuya ta. Zai duba gindinta ko an bubbuge shi ya shige ciki, ya duba bakinta ko an rage shi, sa'an nan ya tambaya ko awon da tozo ne ko kuwa shafe baki za a yi. Sai ya gamsu da wannan duka zai soma maganar kuɗi. Mai yiwuwa ne wannan mutum bai taɓa zama a ajin lissafi ba, amma ya riƙe wata ƙa'ida wadda masana ƙididdiga suka ɗauka da muhimmanci ƙwarai, wato adadi ba shi da amfani sai an san da me aka auna, wa ya auna, kuma yaushe.

Wannan ƙa'ida ta ƙara zama abin kula a yau, saboda ofisoshin aikin gona da ƙungiyoyin manoma da kamfanonin sayen amfanin gona sun shiga yayin amfani da abin da ake kira allon ƙididdiga. Da irin wannan allo ake yanke shawarar inda za a kai taki, da wanda za a ba rance, da yankin da ake fargabar zai yi ƙarancin abinci. Idan alƙaluman da aka ɗora a kansa ba su da tushe, to, kuskuren yakan ƙare ne a kan manomi.

Mene Ne Allon Ƙididdiga?

Sunan ya samo asali daga allon da ke gaban direban mota, inda allura ɗaya ke nuna gudu, wata yawan mai, wata kuma zafin inji. Haka nan allon ƙididdiga shafi ne guda a fuskar kwamfuta ko wayar hannu, wanda ke tattara muhimman alƙaluman wani aiki ya nuna su cikin zane da jadawali da taswira. Akan gina shi da manhajoji irin su Excel da Power BI da Tableau, ma'aikata kuma su riƙa aiko da bayanai daga ƙauyuka ta waya, da taimakon manhaja irin KoboToolbox.

Sai dai akwai bambanci tsakanin allon mota da wannan. Allurar mota an gwada ta a masana'anta, kuma kilomita ɗaya a Katsina ita ce kilomita ɗaya a Legas. Kwamfuta kuwa ba ta tambayar girman tiya. Duk abin da aka ba ta za ta tara, ta raba, ta fitar da zane mai ban sha'awa, ko da an haɗa mata buhun masara da buhun auduga a layi ɗaya. Kyawun zanen ma yakan sa mai kallo ya saki jiki, ya manta da tambayar inda adadin ya fito. Don haka ne ƙwararru ke cewa aikin farko shi ne a zauna a rubuta ma'anar kowane ma'auni da asalin kowane adadi. Zane shi ne aikin ƙarshe.

Kalma Ɗaya, Ma'ana Barkatai

A ɗauki kalmar buhu. A kasuwannin kudancin Katsina, galibi ana lissafa buhun hatsi a kan tiya 40, ana kuma kiransa mai kilo 100. Amma tiyar wata kasuwa ba ta yi daidai da ta wata ba, nauyin tiyar gero ba ɗaya yake da na masara ko wake ba, kuma akwai buhun da ake ɗurawa har sai an yi masa ƙari a baki kafin a ɗinke. Buhun taki kuwa kilo 50 ne. Jadawalin da ya ce "buhu 500" bai faɗi kome ba tukuna.

Kalmar kadada ta fi wannan rikitarwa, domin wasu na nufin eka da ita, wasu kuma hekta. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato wajen eka 2.47. Alal misali, a ce wani manomi ya shaida wa malamin gona cewa ya sami buhu 20 na masara a gonarsa mai kadada 2, a kuma ɗauka kowane buhu kilo 100 ne. Idan hekta yake nufi, ya sami kilo 1,000 ke nan a kowace hekta. Idan kuwa eka yake nufi, gonar ba ta wuce hekta 0.81 ba, amfanin kuma ya kai kimanin kilo 2,470 a hekta. Manomi ɗaya, gona ɗaya, shekara ɗaya, amma a lissafin farko za a ce gonar na bukatar agaji, a na biyu kuma a ce abin koyi ce.

Sai kuma batun laima. Masarar da aka ɓare da wuri tana ɗauke da ruwa a cikin ƙwayarta. A ce buhu ya yi kilo 100 alhali kashi 20 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Ainihin busasshen abin da ke ciki kilo 80 ne. In aka shanya masarar har laimarta ta sauko zuwa kashi 13 cikin 100, wanda ya dace da ajiya, nauyin zai koma 80 a raba da 0.87, wato kimanin kilo 92. Kilo 8 sun tafi cikin iska ba tare da ɓarawo ko ɓera ya taɓa buhun ba. Mai kula da sito wanda ba a rubuta masa wannan ba, yana iya shiga zargin da bai ji ba bai gani ba.

Haka abin yake ga sauran amfanin gona. Auduga mai gurya daban, wadda aka gurje daban, domin abin da injin gurza ke fitarwa na tsantsar auduga bai fi wajen sulusin nauyin da aka zuba masa ba. Gyaɗa mai ɓawo daban da ɓararriya, shinkafa shanshera daban da wadda aka cashe. Ko kalmar manomi ma sai an fayyace ta. A gidan da ake noman gandu, maigida da 'ya'yansa da ƙannensa suna aiki a babbar gona ɗaya, kowannensu kuma yana da gayaunarsa. Shin gida ɗaya za a rubuta, ko manoma biyar? Matan da ke kiwon awaki da sarrafa gyaɗa a cikin gida fa, suna cikin lissafi? Kowace amsa tana da hujjarta. Abin da ba shi da hujja shi ne ma'aikacin Matazu ya bi wata amsa, na Kafur ya bi wata, sa'an nan a tara alƙalumansu wuri ɗaya.

Darasi Daga Samaru Da Funtuwa

Wannan yanki ya daɗe da sanin wahalar ƙidayar amfanin gona. A 1966 da 1967, wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman, tare da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, sun bi gidajen manoma a ƙauyukan Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa na ƙasar Zazzau, suna rubuta ayyukansu a kai a kai tsawon shekara. Binciken ya nuna cewa a mafi yawan filin da ake nomawa, iri biyu ko fiye ake haɗawa a gona ɗaya, kamar gero da dawa da wake, kuma manoma suna da ƙwararan dalilai na yin haka. Wannan ya jawo tambayar da har yau take damun masu ƙididdiga. Gona mai hekta ɗaya wadda aka shuka wa iri uku, za a ba kowane iri hekta ɗaya ne, ko kuwa za a raba hektar gida uku? Wanda ya bi hanyar farko sa'an nan ya tara jimla, zai tarar filin noman ƙaramar hukuma ya fi faɗin ƙasar da take da shi. Wanda ya bi ta biyu kuma zai sami amfanin kowace hekta ya yi sama. Dole a zaɓi ɗaya, a rubuta, kowa ya bi.

A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Su ne na farko a irin waɗannan shirye-shirye a Nijeriya. Shirin Funtuwa ya shafi gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da maƙwabtansu, ya gina hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da taki da iri, kuma a wannan zamani ne noman masara ya bunƙasa a yankin. Saboda masu ba da rance suna son sanin abin da kuɗinsu ya haifar, an kafa wani sashe na musamman a Kaduna, wanda aka fi sani da APMEPU, domin bin diddigin shirye-shiryen da tattara alƙalumansu. Duk da haka masana sun daɗe suna muhawara a kan yawan ƙarin amfanin da shirin ya kawo, da kuma waɗanda suka fi cin moriyarsa. Darasin a fili yake: ba a iya cewa amfani ya ƙaru sai an san yadda yake tun kafin a fara, kuma sai an auna na farko da na ƙarshe da ma'auni ɗaya.

A waɗannan shekaru ne kuma likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool suka gudanar da dogon bincike a kan cututtuka a yankin Malumfashi. Cikin ayyukansu har da ƙidayar jama'ar yankin, domin cewa mutum 50 sun kamu da wani ciwo ba ya nuna tsananinsa sai an san ko cikin mutum 500 ne ko cikin 50,000.

Daga Ina Adadin Ya Fito?

Bayan ma'ana sai asali. Akwai hanyoyi da dama na samun alƙaluman noma, kowace da ƙarfinta da rauninta.

Hanya ta farko ita ce tambayar manomi. Manomin Hausa ya san yawan dammunan gero da dawa da ya ɗaure, domin da su yake fitar da zakka, yana kuma lissafin abincin gidansa da su. Amma girman dami ya danganta da hannun mai ɗauri. Faɗin gona kuwa ba kasafai ya taɓa auna shi da mita ba. Tun daga 2010 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da Bankin Duniya, take gudanar da binciken gidaje wanda a cikinsa ake zagaya gonaki da na'urar GPS. Kwatancen da aka yi a ƙasashen Afirka da dama tsakanin awon na'ura da faɗar manomi ya nuna cewa masu ƙananan gonaki sukan ƙara wa gonarsu faɗi, masu manya kuma su rage. Har ila yau, amsa takan bi dalilin tambaya. Dattawan da suka ga zamanin haraji da jangali, kafin gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke su a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, ba su saba bayyana wa baƙo duk abin da suka mallaka ba. In kuwa an ji cewa rabon taki ya danganta da faɗin gona, gonaki sukan yi girma a takarda.

Hanya ta biyu ita ce yankan gwaji, wadda masanan Indiya irin su P. C. Mahalanobis da P. V. Sukhatme suka inganta a shekarun 1940. Akan keɓe ɗan fili a cikin gona ba tare da zaɓe ba, a girbe shi, a auna, sa'an nan a lissafa na gonar duka. Hanya ce mai kyau, amma tana cin lokaci da kuɗi, kuma idan ma'aikaci ya bar idonsa ya ja shi wajen da shuka ta fi kyau, ko ya riƙa shigar da tsiron da ke kan iyaka, sakamakon zai zarce gaskiya.

Hanya ta uku ita ce rijistar kasuwa da ta masana'anta. Sikelin kamfani yana da tabbas, amma abin da aka kawo sayarwa kaɗai yake gani. Hatsin da aka ci a gida, da na zakka, da na kyauta, da irin shuka, duk ba sa bi ta kansa. Bugu da ƙari, masarar da aka sayar a Dandume ba lalle ne a Dandume aka noma ta ba. Farashi ma haka: na kaka daban da na tsakiyar damina, na sari daban da na awo, kuma sai an faɗi ko la'adar dillali da kuɗin dako suna ciki.

Ta huɗu ita ce hoton tauraron ɗan'adam. Yana ganin ƙasa mai faɗi a lokaci ɗaya, amma gajimaren damina yakan rufe masa ido, kuma yana shan wahalar rarrabe dawa da gero da masara a ƙananan gonakin da aka cakuɗa shuka. Sai an bi shi da duba na ƙafa.

A matakin ƙasa, cibiyar NAERLS ta Zariya takan fitar da rahoton yadda damina ta kasance kowace shekara. Ƙidayar aikin gona ta ƙasa kuwa, bayan ta 1993 zuwa 1994, ba a sake yin ta ba sai a 2022. Wanda zai ɗora adadi a allo ya wajaba ya nuna daga wace hanya ya fito, kuma na wace shekara ne.

Ba A Karkara Kaɗai Ba

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan matsala ce ta kasuwar ƙauye. A watan Afrilu na 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar da take kafa lissafin tattalin arzikin Nijeriya a kanta, daga 1990 zuwa 2010, ta kuma shigar da sassan da da ba a lissafa su sosai, kamar wayar hannu da finafinai. Nan take jimlar arzikin ƙasar na 2013 ta tashi da kusan kashi 89 cikin 100, ta kai wajen dala biliyan 510. Babu wanda aljihunsa ya ƙaru a wannan rana. Ma'auni ne aka gyara.

A 2023 kuma hukumar ta sauya ma'anar rashin aikin yi. A da, wanda bai yi aikin sa'o'i 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki, kuma bisa wannan aka sami kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020. A sabuwar ma'ana, wadda ta bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, aikin sa'a ɗaya a mako don samun kuɗi ya isa a ce mutum yana da aiki, sai adadin ya zama kashi 4.1 a farkon 2023. Wanda ya jera waɗannan alƙaluma biyu a zane ɗaya ba tare da bayani ba, ya ɓatar da mai kallo ko da bai yi niyya ba.

Hatta masu binciken sararin samaniya ba su tsira ba. A ranar 23 ga Satumba, 1999, hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbonta mai suna Mars Climate Orbiter yayin da ya isa duniyar Mars. Bincike ya gano cewa wata manhaja tana ba da ƙarfin tunkuɗar injin da ma'aunin fam irin na Ingilishi, wadda ke karɓa kuma ta ɗauka ma'aunin niyuton ne, alhali fam ɗaya na ƙarfi ya kai niyuton 4.45. Kumbon ya matsa kusa da duniyar fiye da kima, ya salwanta.

Kundin Ma'ana

Maganin da ƙwararru suka amince da shi ba ya bukatar na'ura mai tsada. Kundi ne, ko da littafin rubutu ne, wanda a cikinsa kowane ma'auni yake da shafinsa. A shafin za a rubuta:

1. Sunan ma'aunin da ma'anarsa cikin jimla ɗaya ko biyu.
2. Abin awo: kilo ko tan, hekta ko eka, da yadda ake mayar da tiya da buhu da dami zuwa kilo a kowace kasuwa.
3. Yadda ake lissafa shi: me aka raba da me.
4. Asalinsa: wa ya tattara, ta wace hanya, daga mutum nawa, kuma yaya aka zaɓo su.
5. Lokaci da wuri: wace damina, wace rana, wace mazaɓa ko kasuwa.
6. Abin da bai ƙunsa ba, da raunin da aka sani yana da shi.
7. Wanda ke da alhakin kula da shi, da ranar duk wani sauyi da aka yi wa ma'anarsa.

Ga misalin yadda shafin wata ƙungiyar manoma zai iya kasancewa. "Amfanin masara: nauyin ɓararriyar masara, busasshiya zuwa laimar kashi 13 cikin 100, a kilo, a raba da faɗin gonar da aka girbe, a hekta, bisa awon GPS. Gonar da aka haɗa masara da wani iri ana rubuta ta a layi na dabam. Ba a lissafa ɗanyar masarar da aka karya don gashi." Da wannan ɗan rubutu, sabon ma'aikaci zai ci gaba daga inda na da ya tsaya, kuma in gardama ta tashi a taro, akwai inda za a koma.

Ya kamata kundin ya fayyace abu biyu kuma. Na farko, wace shawara ce za a yanke da wannan adadi, domin adadin da ba wanda zai yi aiki da shi ɓata lokacin manomi ne kawai. Na biyu, wa aka yarda ya ga sunayen manoma da lambobin wayarsu. Waɗannan amana ce, ba su da wuri a allon da kowa ke kallo.

Gwajin Da Makaranta Za Ta Iya Yi

Malaman lissafi da na aikin gona da na labarin ƙasa suna iya haɗa kai su gwada wannan da ɗalibansu. A aro tiya uku daga masu awo dabam-dabam. A cika kowace da masara, a ɗora a sikeli, a rubuta nauyin, sa'an nan a maimaita da gero da wake, sau ɗaya da tozo, sau ɗaya a shafe. Daga nan ɗalibai su lissafa nauyin buhu mai tiya 40 bisa kowace tiya, su ga tazarar da ke tsakani. A wani darasin, kowane ɗalibi ya rubuta ƙiyasinsa na faɗin gonar makaranta a ɓoye, sa'an nan a auna ta da tef a kwatanta. A ƙarshe ajin ya rubuta nasa kundin ma'ana kafin ya zana jadawali ko ɗaya a allo. Makarantu biyu, ɗaya a Matazu ɗaya a Bakori, suna iya musayar sakamakonsu su ga ko alƙalumansu za su zauna a jadawali ɗaya.

Kammalawa

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da motar taki ta tsaya a bakin sito, ko ranar da banki ke jiran jerin sunayen waɗanda za a ba rance, ba ranar tambayar ma'anar kadada ba ce. Ɗaliban da ke sakandare a yau su ne za su riƙe ofisoshin gona da na ƙididdiga na Jihar Katsina nan gaba, kuma na'urorin da za su tarar za su fi na yanzu sauri da iya zane. Abin da ake fata malamansu su koya musu tun yanzu shi ne ɗabi'ar nan ta mai sayen hatsi: duk adadin da aka miƙo musu, su fara tambayar da me aka auna shi, wa ya auna, kuma yaushe, su rubuta amsar, sa'an nan su kunna kwamfuta.